Ajin 'yata a tsakar gida

'Yata ta biyu tana da sikila. Shekarar da ta shiga aji uku na firamare, kwanakin da ta yi a gadon asibiti sun kusa fin waɗanda ta yi a aji. Ranar da aka dawo min da ita gidanmu na Makera tana kukan ciwon ƙafa, bayan ta daɗe tsaye a layi cikin sanyin safiya, na gaya wa babanta ni zan koyar da ita a gida. Na yi koyarwa kafin aure, babu abin da ke cikin littattafan aji uku da zai gagare ni.

Bai ƙi ba, amma hankalinsa bai kwanta ba. A lokacin ana yawan sanarwa a rediyo cewa iyayen da suka hana yaro zuwa makaranta za su gamu da hukuma. Yayarsa ma ta zo takanas ta ce kada in jawo wa ƙaninta shiga kotu.

Ban tsaya gardama da su ba. Akwai wata lauya a Barnawa, 'yar kudancin Kaduna, da muka saba a layin ganin likita, don ɗanta ma yana da ciwon. Na hau keke napep na same ta a gida tana tsinke alayyahu. Ta yi min bayani cewa doka ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma a iya saninta ba ta ambaci karatun gida ba sam. Saboda haka wanda ya cire yaro shiru, shi ya bar kansa ba kariya a gaban hukuma.

Ta ce, "Kada ki ɓoye ta. Ki bar sunanta a makaranta, ki je ki gaya musu da bakinki."

Haka na yi. Hedimasta ya san yarinyar, bai wahalar da ni ba, sai dai ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Na wuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da shaidar likita. Jami'in da na samu, wani dattijo, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Hajiya, in kowace uwa ta zo da wannan, wa zai rage a aji?"

Na ce, "Malam, ba hana ta karatu na zo yi ba. Ka zo duk ranar da ka ga dama ka gwada ta."

Muka daidaita a kan in bi manhajar makaranta, ta riƙa rubuta jarrabawar kowane zango tare da 'yan ajinsu, in kuma jikinta ya yi daɗi ta shiga aji don kada ta rasa ƙawaye. Wannan na ƙarshen dattijon ne ya kawo shi, ni ban ma yi tunaninsa ba, kuma ya yi gaskiya.

Na kafa allo a jikin bangon kicin. Sai rana ta ɗaga muke farawa. In ciwo ya motsa mu ajiye, in ya lafa mu ɗora daga inda muka tsaya. Lissafi ne ya ba ni wuya, dole na koma ina bita kafin in tsaya gabanta.

Dattijon kuwa ya zo, ba tare da sanarwa ba. Ya same ni ina wanki, ita tana kan tabarma. Ya ba ta karatu da Turanci, ya ba ta lissafin rabawa. Ta kuskure ɗaya, ta gano da kanta ta gyara. Ya sha ruwa, ya ce mu ci gaba.

Yanzu tana ƙaramar sakandare, tana zuwa kamar kowa sai ranar da jiki ya hana. Kwanan baya na ji tana gaya wa ƙawarta wai malaman makarantarsu masu sauƙin kai ne, ita a wajen mamanta ta ga takura.