Ranar da Tanimu Ya Ɗaga Kai

Wata rana, a wani filin motsa jiki da ke Tudun Wadar Zariya, wani magidanci ya naɗe farar rigarsa ta kareti, ya cusa a jaka, ya yi wa kansa alkawari: in ya sake faɗuwa jarrabawar bana, shi da wannan wasa har abada.

Sunansa Tanimu. Mai aikin wayarin ne, wato haɗa wayoyin lantarki, shekararsa arba'in da ɗaya, 'ya'yansa huɗu.

Shi ba gwani ba, shi ba sakarai ba. Irin mutanen nan ne na tsaka-tsaki, waɗanda ba a tafa musu, ba a kuma yi musu dariya.

Shekara shida yana ɗaure da bel ruwan ƙasa. Taki ɗaya ya rage masa ya ɗaura baƙi, burin duk ɗan kareti. Sau uku yana shiga jarrabawa, sau uku yana faɗuwa, kuma duk a wuri guda: karawa, inda ake tsayar da kai gaban mutum na minti uku a ga wanda zai fi taɓa wani.

In an haɗa shi da sa'ansa ko na ƙasa da shi, ba laifi, yana taɓukawa.

Amma da zarar an ce ga babba, sai Tanimu ya koma ganga. Kowa ya zo ya kaɗa.

Wasu suka ce tsoro ne. Wasu suka ce ƙafarsa ce ta yi nauyi. Bawan Allah ya ƙara gudun safe, ya cika buhu da yashi ya rataye a tsakar gida, ya yi ta jibga har bayan hannunsa ya yi kanta.

Duk a banza. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ya san gwiwarsa ba za ta jira shi wata shekarar ba.

Saura wata biyu jarrabawa, wani abokinsa ya ɗauki bidiyon karawarsa da Alhaji Mamuda ya tura masa. Wannan Alhaji Mamuda, mai baƙin bel, shi ne ubangidansa da ya koya masa wayarin, kuma shi ya fara kawo shi filin.

Bayan la'asar Tanimu ya zauna a kan tabarma yana kallon yadda ake casa shi. Matarsa Hansatu tana gefe tana tsince shinkafa. Ita fa ba ta san komai a kareti ba, in ban da wankin rigar. Ta leƙo, sai ta ce:

"Baban Ikilima, wai nan faɗa ka je yi ko gaisuwa?"

"Kamar yaya?"

"Mai da shi baya ka gani. Wallahi haka ka sunkuyar da kai ranar da ka zo gaida Baba kana neman aurena."

Ya mai da bidiyon baya.

Ya sake mayarwa.

Sai ya gani da idonsa. Duk sanda Alhaji ya matso, idon Tanimu sai ya faɗi ƙasa. Naushi na tahowa, shi yana kallon siminti!

Jama'a, ashe ba tsoro ba ne. Tarbiyya ce. Tun yana yaro aka hore shi cewa ba a kallon babba ido cikin ido, kuma horon ya bi jiki har ya shiga fili da shi bai sani ba.

Washegari ya kai wa malaminsu na kareti maganar. Malamin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nuna masa cewa ba sai ya zura wa kowa ido ba. Ƙirji ake kallo, daidai ƙasan wuya. Daga nan ake ganin kafaɗa in ta motsa, a ga ƙugu in ya juya. Ladabi kuwa, ai shi ya sa ake rusunawa kafin a fara. A nan ake ba babba girmansa duka.

Wata biyun nan Tanimu bai koyi sabon bugu ko ɗaya ba.

Sai ya yanko jan salatif irin na aikinsa, ya riƙa liƙa wa abokin karawarsa a ƙirjin riga. Kullum ya zaɓi wanda ya fi kowa furfura a filin. Ba ya kai hari, kallo kawai yake yi yana gocewa.

Ya sha duka, ba ƙarya. Wuyan da ya saba sunkuyawa shekara arba'in ba ya miƙewa a mako ɗaya. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Ranar jarrabawa, alƙalin da ya zo daga Kaduna ya duba takarda ya kira abokin karawarsa.

Alhaji Mamuda.

Tanimu ya fito tsakiyar fili. Ya rusuna, rusunawar da ta fi ta kowa zurfi a filin nan.

Sannan ya ɗaga kai.

Sai ga abin da bai taɓa gani ba: kafin Alhaji ya saki naushi, kafaɗarsa ta dama kan ɗan yi ƙasa. Shekara shida kafaɗar nan tana ba shi labari, shi yana kallon ƙasa.

Ta motsa. Ya goce gefe. Hannunsa ya tsaya cak a haƙarƙarin Alhaji.

Alƙali ya ɗaga tuta. Fili ya kaure da ihu!

Alhaji ma ba kanwar lasa ba ne, ya rama har sau biyu. Amma da lokaci ya cika, Tanimu ke da uku.

Alhaji Mamuda ne ya roƙi a bar shi ya ɗaura masa baƙin bel ɗin da hannunsa. Yana ɗaurewa, ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Shekara shida ina jira ka dube ni, Tanimu."

Ƙaton magidanci ya fashe da kuka a gaban jama'a, kukan daɗi, kuma wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

Darasi: Kafin ka ƙara wa kanka wahala, fara gano inda kake faɗuwa. Wani lokaci abin da ke kayar da kai hali ne mai kyau da ka kai shi inda ba wurinsa ba. Kuma kada ka raina idon wanda ke kallo daga gefe, ko da shinkafa yake tsincewa.

Ka san wani da ke shirin naɗe rigarsa ya haƙura? Tura masa wannan yau, wataƙila shi ma ɗaga kai kawai ya rage masa.