Baba Na'iya, Mai Awon Numfashi da Auduga

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Alhamis, sha biyu ga Rajab, shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin da biyar bayan Hijira, Allah Ya karɓi ran Baba Na'iya mai maganin ƙirji a garin Kebbe. Labarin ya iske ni a Tambuwal ranar Asabar, ina saukowa daga kiran Azahar, ta bakin Malami mai fataucin gishiri.

Baba, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma hawaye bai bushe ba na tuna tantabaruna, sai ga ni ina dariya ni kaɗai, har liman ya waiwayo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da tari ya kama ni. Ni ladan ne ɗan ladan, ba ni da wani jari sai numfashi. Ya kai kabbara ɗaya sai na yanka ta biyu. An yi mini ƙaho, na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi iri-iri, shiru. Abokan cin tuwo suka soma janye hannu, wai tarin nan ne mai cinye mutum. Liman, cikin kunya, ya ce in azumi ya kama ban warware ba, dole a nemi wani ladan. A haka na hau jaki na nufo ka.

Na zaci zan ga saiwoyi. Sai ka kafa kunne a bayana, ka ƙwanƙwasa haƙarƙarina kamar mai sayen tulu. Sannan ka sa na kwanta rubda ciki, ka ajiye ɗan curin auduga gaban bakina a kan daɓe, ka ce in cika ƙirji in busa sau ɗaya. Ka auna inda ta tsaya: taƙi biyu. Don ka ƙure ni, kai mai shekara saba'in ka kwanta ka busa, ta yi taƙi tara.

Kwana bakwai ka riƙe ni, ba ka ba ni komai ba sai furar uwargidanka, Inna Kulu. Kowace safiya in busa, ka ja zane a ƙasa. Uku, huɗu, har shida. Na fara yabon furar, ka ce in koma gida in kwana uku in dawo. Na dawo, na busa, auduga ta koma taƙi biyu.

Ka dube ni, ka ce, "Maccido, da mi kaka kwana ɗaki?"

Na ce, "Da Atu matata, Baba."

"Bayan ita fa?"

Sai na faɗi gaskiya: tantabaru arba'in, tukwanensu a rataye bisa kaina, don kada muzuru ya taɓa su.

"To, ga abin da nika nema. Ba tarin mutuwa ba na, ƙurar gashinsu da kashinsu ta. Ka zaɓa, ko su ko kiran salla."

Da na tambayi hakkinka, ka ce tantabarun kake so, kuma a fige. Na kawo maka su, amma raina ya ɓaci ƙwarai, na yi wata guda ina ce maka mai kwaɗayi a zuciyata. Yau ina neman gafararka, ko da yake na ji an ce ko ƙashi ba ka bari ba. Daren farko na azumi bai zo ba sai da tarin ya sake ni, na ja kiran Magariba har mutanen gona suka ji.

Ba ni kaɗai ba ne. Masussuka, maƙera, matan da hayaƙin murhu ya ci, duk sun kwanta a kan daɓen nan. Wanda ka ga ciwonsa ya wuce magani ba ka cinye masa akuya da ƙarya ba. Kakan faɗa masa cikin lallashi, ka ware masa ƙwarya, amma ba ka ware shi daga hira.

Malami ya ce wata guda kafin rasuwarka ka sa aka kawo audugar, ka busa, ko yatsa uku ba ta yi ba. Ka yi dariya, ka ce, "Kulu, mai awo ya auna kainai. Kama kaɗi, a saƙa likkafani." Curin kuwa ka ce a kawo mini. Ɗazu na kwanta na gwada: taƙi takwas. Har yanzu ban kamo ka ba, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka kamar yadda ka yalwata ƙirazan bayinSa. Inna Kulu, da 'ya'ya da jikoki, da dukan mutanen Kebbe, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. La'asar ta yi, bari in hau. Duk kiran da na ja bai yanke ba, Allah Ya sa maka rabo a ciki. Amin.