Ba Mutuwa Suka Yi Ba, Yanka Su Aka Yi

Wata biyu ke nan ban ce uffan ba a nan. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Ba girman kai ba ne, numfashin yin maganar ne babu.

Wanda ya san ni a Kusada ya san bayan koyarwa ina ɗan kiwon kaji a bayan gida. Daga nan labarin ya faro.

Wata safiya na tarar kaji uku sun yi laushi, sun saki fukafukai. Kun san halinmu. Ba mai tsayawa tambayar abin da ya same su, wuƙa ake nema kafin su zama mushe. Maigidana ya yanka. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata Bilkisu, ga ta da cikin wata takwas, muka zauna muka fige su tare. Na ba ta ɗaya.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kayar da ni. Ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ga tari. Duk wanda ya zo dubiya sai ya zama likita: mura ce, a sha citta da lemon tsami. Na sha har na gaji. Na haɗa da maganin maleriya na kemis, shiru.

A rana ta shida na kasa kai ƙarshen Fatiha ba tare da na tsaya ina haki ba. Ranar aka kai ni asibiti a Kankia.

Suka maƙala mini wani abu a yatsa, likita ya duba, ya ce maza a sa mini iskar oksijin. Hoton ƙirji ya nuna ciwon ya sauka huhu. Tunkiyar da na ajiye don layya, a nan ta tafi.

Washegari wata mata ta zo sanye da takunkumi. Madam Grace, jami'ar sa ido kan cututtuka. 'Yar kudu ce, amma Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ce idan an kwantar da mutum da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, sukan ɗauki samfuri su aika ɗakin gwaji, don hukuma ta san irin murar da ke yawo tun kafin ta zama annoba. Ba a biyan ko sisi. Ta zura mini tsinke mai auduga a hanci har sai da na yi hawaye, ta sa shi a 'yar kwalba, ta rufe cikin akwatin ƙanƙara.

Sai tambayoyi. Na yi tafiya kwanan nan? A'a. Akwai mai tari a gida? Babu. Kaji ko agwagi sun mutu a gidanmu?

Na ce a'a.

A raina na ce ai ban yi ƙarya ba. Ba mutuwa suka yi ba, yanka su aka yi. Gaskiyar magana kuwa, tsoro nake kada a zo a ƙone mini sauran.

Tana tattara takardunta ta ce abin da ya sa take tambaya, akwai murar tsuntsaye, kuma wanda ya yanka ko ya fige kaza marar lafiya shi ta fi kamawa. Ta ce kowace irin mura ta fi yi wa tsofaffi da masu ciki illa.

Ta fita. Ni kuwa ba abin da nake gani sai hannun Bilkisu cikin ruwan figa.

Da la'asar maigida ya kawo kunu. Na tambaye shi ya jikin Bilkisu. Ya ce, “Lahiyarta lau, sai dai jiya na jiyo ta tana ɗan tari.”

Kunun nan bai shiga ba. Na ce ya nemo mini Madam Grace duk inda take.

Na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, “Malama Hajara, ashe tambayar ce ban iya ba. Daga yau cewa zan riƙa yi: an yanka marar lafiya?”

Washegari suka je Kusada da likitan dabbobi. Aka ɗauki samfurin kaji, da na Bilkisu, da na maigida. Kullum sai an je an auna zafin jikin Bilkisu.

Jiran sakamako ya fi mini ciwon zafi. An cire mini oksijin, na fara takawa zuwa bakin ƙofa, ana ta yi mini barka, amma hankalina ba ya jikina. Na ji tsoro ƙwarai. Idan wani abu ya sami yarinyar nan da abin da ke cikinta, ni na leƙa katanga na kira ta.

Sai da aka haura mako kafin ya fito. Tawa murar mutane ce, irin mai ƙarfin da kan sauka huhu. Kajin kuma wata cutar kaji ce da ba ta damun ɗan Adam. Bilkisu da maigida ba su da komai.

Na ce wa Madam Grace ashe wahalar banza na ba su. Ta ce a'a, yawanci haka sakamako ke dawowa. Mai murar tsuntsaye ɗayan nan da bai kamata ya wuce su ba suke nema, kuma ba su da hanyar ganinsa sai ta bakinmu.

Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan jinya, na gode wa maigida da ya koyi dama kunu da girmansa. Bilkisu ta sauka lafiya, an samu mace.

Shawarata ba ta da yawa. Idan mura ta zo da haki, a bar citta a tafi asibiti. Idan an zo da tsinken auduga, a ba da hanci. Abin da aka tambaye ku, ku faɗa har da wanda ba a iya tambaya ba.

Makon jiya wata kaza ta sake yin laushi. Maigida ya nufi inda wuƙa take, na ce ya bari. Muka ware ta, muka kira likitan dabbobi, kafin ya iso ta mutu. Tunda nake ban taɓa zuba ido kaza ta zama mushe a gabana ba sai ranar.

Bilkisu ta leƙo ta katanga da jaririyarta a kafaɗa, a zatonta an yanka, ta ce ko in kawo ruwan zafi?

Na ce mata ta zauna inda take. Fartanya nake nema in binne kazar.