Ranar da Motar Ƙanena ta Gurfana

Shekarar da Inna ta zame a bakin randa ta karye a ƙugu, ita ce shekarar da ƙanena ya dawo Filinge da wata baƙar mota mai faɗin ciki da ya saya hannun wani a Yamai. Tun daga ranar ya bar gaida mutane da baki, sai da odar mota. Likitan garinmu ya duba Inna ya ce karayar ta fi ƙarfinsu, a kai ta Yamai, kuma kada a jijjiga ta a hanya. Munka ce to, ai ga mota a gida.

Da safe munka fito, mota ta gurfana. Gabanta na tsaye, bayanta ya zauna bisa taya kamar raƙumi mai jiran labtu.

Kafin hantsi ƴan fadar ƙanena sun cika ƙofar gida da butar shayinsu. Maza biyar, ba wanda ya taɓa ɗaure ko ƙafar amalanke, amma kowa da fatawarsa.

"Hatsi ne," in ji ɗaya. "Ka loda mata damma tun daga Tabla, bayanta ya ɓalle."

"Wane hatsi? Baki ne, Alhaji. Mutane sun sa mata baki."

Ƙanena ya aika anka kawo kasko, ya kewaya mota da turare har sau uku. Daga cikin ɗaki ina jin nishin Inna.

Sai ga mai garajin da ke gyara motocin kasuwa masu zuwa Abala da Sanam. Ya zo da gungumen itace da igiyar roba. Ya leƙa ƙarƙashi yana neman ƙarafan nan masu lanƙwasa da ya saba gani, bai gan su ba. Ya miƙe yana kaɗa kai.

"An cuce ka, Alhaji. An kwance ƙarafan tun bakin teku. Amma kar ka damu, mu cusa mata itace mu ɗaure. Haka muke wa na Sanam."

Haka suke yi kuwa. Na hau na Sanam, na san yadda haƙoran mutum ke haɗuwa. Tsohuwa mai karyayyen ƙugu yake so a ɗora bisa gungume har Yamai.

Ƙanena ya tada mota don a gyara mata tsayuwa. Sai na ji wani guɗa-guɗa a ƙarƙashin baya, kamar ƙaramin injin niƙa, kuma a gaban idonmu mota ta miƙe tsaye. Ƴan fada sunka ɗau kabbara, wai turare ya ci. Ya kashe ta, kafin su gama zagayen shayi na biyu ta fara komawa ƙasa.

Ni shekara ashirin ina ɗinka guga da robar cikin taya, ina toshe salka. Abin da ke tashi in an hura, ya kwanta in an bari, ba ya buƙatar malami. Na ce a sake tada ta. Na karyo kara biyu, na auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke bisa kowace taya, na rubuta dama da hagu a kaye, littafin rubutun da nake zuwa karatun manya da shi. Anka kashe. Bayan ɗan lokaci hagu ta sauka yatsa uku, dama ko ɗaya ba ta cika ba.

Na kaɗa sabulu a kwano, na ɗaure zane, na shimfiɗa tabarma.

"Haba Yaya! Ƙarƙashin mota, gaban mutane?"

"Waɗanne mutane? Tada ta, kuma kar ka kashe sai na hito."

Ga su nan kuwa, jakunkuna biyu na baƙar roba, kowace a gefen taya, da siririn tiyo da ke kai musu iska. Su ne ƙarafan da aka ce an sace. Na shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗinsa, shiru. Na shafa wa ta dama, shiru. Da na kai ta hagu, daidai inda robar ke naɗewa, sai kumfa ta fara tohowa kamar bakin ɗan maraƙi. Zafi da rairayi sun tsattsage wurin.

Na jawo mai garaji da hannun riga na ce shi duba.

"To, ai abin da nake shirin faɗi ke nan," ya ce. "Sai faci."

"Faci a kan lanƙwasa? Ko guga ba ya riƙewa. Ɗauki iccenka, matarka na bukata."

Hudar ƙarama ce. Injin iskar na iya cika jakar in ba a danne ta da nauyi ba, sabuwa kuma sai Yamai. A nan ne na gane abin da ya zaunar da ƴan fada tun safe: duk biyar ɗin sun shirya bin mota kyauta, ɗaya har da rago da buhun wake a zaure. Na ce Inna, da ni, da mai tuƙi, shi ke nan.

"Yaya, abokaina ne fa."

"Su bi na gungume."

Munka kwantar da kujera, munka shimfiɗa wa Inna katifa ta gefen dama. Duk inda ƙanena ya tsaya sai in sauka in auna da karana, in kai hannu kusa da injin in ji ko ya yi zafi. A Balayara ya yi zafin, munka ba shi hutu a inuwa, mota ta gurfana, ta sake tashi. 

Sau ɗaya Inna ta yi ƙara, a wani rami da ƙanena ya afka yana kallon waya. Na karɓe wayar. Da munka isa ƙofar asibiti sai da na taɓa kafaɗarta sau biyu kafin ta farka.