Hajja Kellu da ordinatar ɗin autanta

Duk unguwar Birni an san Hajja Kellu da abu biyu, alkaki da taurin kai. Shekara talatin tana tuya a zauren gidansu, ko lakwal, makarantar boko, ba ta taɓa leƙawa ba. Amma ita ce ta yi wata bakwai tana kiwon ordinatar, wato kwamfuta.

Na autanta ne, Suma'ila. A shekarar farin 2010, da gero ya gagari talaka, ya tafi Libiya neman aiki. Kafin ya fita ya nuna mata maɓalli ɗaya. "Inno, in an kawo wutar kuran ki danna nan. Wata-wata a sa masa katin intanet. Daga can zan iya shiga in ɗauki takarduna, ni kaɗai ke da mabuɗin sirrin." Ba ta gane ko kalma ba, ta dai ce to.

Wata uku da tafiyarsa labari ya zo: motarsu ta kife a hamada bayan Dirku, babu wanda ya fita da rai. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka har ta arba'in. Hajja ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma dannawa ba ta fasa ba. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa ta. Ta ce su ji da nasu.

Ran wata Talata da hantsi ƙanenta Mutari, malamin lakwal, ya zo da magana. Wani ɗan kasuwa a unguwar Zango zai ba da buhun gero biyu ya karɓi na'urar.

"Yaya, mamaci ba ya cin tuwo. Jikokinki na ci."

Gaskiya ce, kuma ta yi mata ɗaci. Ta juya baya ta ce ya ɗauka.

Mutari ya miƙa hannu zai zare waya, sai ya ƙame. Ƴar kibiyar nan ta kan gilashi tana tafiya, babu mai taɓa komai. Ta buɗe wani wuri, ta jawo takardar haihuwa mai sunan Suma'ila, ta fara aika ta.

"Innalillahi! Yaya, zo ki gani!"

"Ɓarawo ne?"

"Ɓarawo bai san mabuɗin ba."

Ta matso ta zauna kan tabarma. Farin shafi ya buɗe, baƙaƙe suka dinga fitowa ɗaya-ɗaya. Mutari ya karanta: "Akwai mutum a ɗakin? Ni ne. Na karye, na warke, sai aka tsare ni a Sabha, nan Libiya, don ba ni da takarda. Yau aka bar ni in nemo ta. An ce yunwa ta yi ɓarna a gida. Inno tana da rai?"

Mutari ya ajiye yatsa kan maɓallai yana jira.

"Rubuta masa ina nan," in ji Hajja. "Ka ce na yi masa sadakar arba'in. Da geronmu na ƙarshe."

Ya rubuta. Kibiyar ta tsaya cak, ta daɗe ba ta motsa ba.