Kunnen Hagu na Maigidana

Maigidana ya dawo daga aikin soja da abu biyu: tari da kwalin karta. A shekarun nan ne da Turawa suka tattara nasu ya nasu. Muna zaune a Kudan, yana noman rake kamar kowa.

Da ya ce zai koya mini wasan, na ce Allah ya tsare ni da caca. Ya yi dariya, ya ɗebo gyaɗa ya raba mana. "In mun gama a miya za ta ƙare, Amarya." Haka yake kirana har bayan haihuwa huɗu.

Wasan ba wuya. Kowa karta biyar, ya ɓoye. Biyu iri ɗaya sun fi warwara, uku sun fi biyu. Ka zuba gyaɗarka a faifai, abokin wasa ko ya zuba daidai ya ce a buɗe, ko ya ƙara, ko ya ajiye kartarsa ya bar maka. Daɗin abin shi ne burga: hannunka ba komai, amma ka tura gyaɗa tuli kana murmushi, har mai hannun kirki ya tsorata ya ajiye.

Mutumin nan ya yi damina guda yana cinye ni. Sai na lura duk sanda zai yi burga yakan ja kunnensa na hagu. Ban faɗa masa ba, ni wawuya ce? Na riƙa kwashe gyaɗar, yana cewa asiri na yi masa.

Shekarar da tarin ya fara zuwa da jini, ƙanensa ya kai shi asibiti a Zariya cikin motar 'yan kasuwar Makarfi. Ya dawo da la'asar ya zauna a tabarma, yara suka kewaye shi.

Na ce, "Malam, me likita ya ce?"

"Sanyi ne kawai. Kafin a fara matsar rake na warke." Ya ja kunnensa na hagu.

Na gane burga ce. Ina iya cewa a buɗe. Amma na ga yadda ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya tura gabana don kada mu tsorata, sai sonsa da tausayinsa suka sa na ajiye.

Na ce, "Alhamdu lillahi." Na ɗauko faifai da gyaɗa.

Ranar duk jan kunnen da ya yi, ajiyewa na yi. Ya cinye ni tas, yana ta yi mini tsiya, yara na tayawa. Bai kai matsar rake ba. Har ya koma ga Allah yana ganin ban taɓa gano shi ba, ni kuwa ban yi da-na-sani ba.