Injin Wilf da Bonet ɗin Yayansa

Duk wanda ya zauna a layinmu na garin Todmorden ya san Wilf Garside. Ko bai san fuskarsa ba ya san ƙafafunsa, don su ne kullum a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran bas-bas. Da ya yi ritaya, maimakon ya kama noman tumatir kamar sauran tsofaffi, sai ya yi odar motar nan ta haɗa-da-kanka, wadda kamfani ke aiko maka da ƙashinta da tarkacenta a akwatuna, inji kuwa ka nemo abinka. Ya ce wa matarsa Beryl shekara ɗaya da rabi zai gama. Sai da aka shiga ta bakwai kafin a zo maganar inji.

Abin da ya fi ƙauna a jikin motar shi ne bonet, wato murfin inji. Wanda kamfani ya aiko na roba ne, yayansa Norman ya kalle shi sau ɗaya ya ce bahon wanka ne. Norman kuwa shekara hamsin ya yi yana bugun jikin mota. Ya samo fallen alminiyon, ya yi sati shida yana ƙwanƙwasa, ya fitar da bonet sumul, har kana ganin fuskarka a ciki. Bayan wata uku ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan ya daina fita, ya daina tsiya, sai zaman taga a keken guragu. Wilf na zuwa duk Lahadi, su sha shayi shiru, ya dawo gida zuciyarsa a jagule.

Da ya samu injin da yake so a wurin masu fasa tsofaffin motoci a Burnley, sai ya bi hanyar da 'yan wannan harka suke bi. Ya auna shi ta ko'ina, ya dawo ya haɗa injin kwali daidai girmansa, ya zura a mota, ya rufe bonet, ya rufu ruf. Wilf ya yi kwana biyu yana fito. Abin da bai lura ba, kwali yana da kunya, in an danna shi sai ya rusuna.

Ranar da aka sauke injin gaske da sarƙa, bonet ya ƙi rufuwa. Wilf ya shiga kicin ya roƙi Beryl kwaɓin fulawar da take murzawa.

"Na abincin rana ne fa," in ji ta.

"Ɗan kaɗan, uwargida. Aikin injiniya ne."

"Injiniyan kwali ba."

Ya ɗora curi-curi a saman injin, ya sauke bonet a hankali, ya ɗaga. Curin gaba ya baje kamar takarda. Ya sake awo: inci ɗaya da rabi ake nema. Ya duba ko zai sauko da injin ƙasa, ya ga kaskon mai zai riƙa dukan kowane tudu a titi. Hanya biyu ta rage, ko ya mayar da injin ya ɗauko ƙarami mai tafiyar kunkuru, ko ya taɓa aikin ƙarshe da hannun Norman ya yi. Ya zaɓi mayarwa, ya kuma roƙi Beryl kada maganar ta fita.

Beryl ta ce to. Ran Asabar da hantsi sai ga ta tana turo keken Norman cikin gareji, an lulluɓe masa gwiwa da bargo.

"Ina injin da ake cewa ya fi ƙarfinka?" Maganar Norman a karkace take fita, amma ana ganewa.

"Yaya, ba wani abu ba ne. Zan canza shi."

"Ka canza inji saboda murfi? Kai, tun kana yaro kanka ke aiki a baibai. Kawo min shi nan."

Wilf ya ɗora masa bonet a cinya. Norman ya shafa shi da hannun hagu, ya tsaya inda kwaɓin ya bar tabo, ya zana da'ira da yatsa.

"Nan za a tayar da ɗan tozo. Ɗauko jakar yashi da gudumar katako."

"Ni ban iya ba, Yaya. Zan ɓata maka shi."

"Na san ba ka iya ba. Zuwan me ka ga na yi?"

Wilf ya kai bugun farko. Norman ya rufe ido, da kunne yake aikin. "Ba goro kake fasawa ba, sassauta. Hagu. Hagun mutane, ba naka ba. Yawwa, ka ji ƙarar ta canza?" Haka suka wuni, shayi ya huce sau biyu. Wilf ya sha zagin da bai sha ba a shekara biyu, kuma wallahi daɗi ya ji, har yana juya baya ya goge ido da hannun riga.

Asabar uku aka yi. Tozon ya fito, ba sumul kamar na Norman ba, ta gefe ɗaya ya ɗan fi kauri. Wilf ya ɗora sabon curi, ya rufe bonet, ya ji ƙas, ya ɗaga. Curin yana nan zaune ko lotsawa bai yi ba.

"An gama ke nan," in ji Beryl.

Norman ya daɗe yana kallon gudumar da ke kan benci, sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Ba sauran abin da ya ƙi shiga?"

Wilf ya san babu. Sau uku ya auna salansa, wato bututun hayaƙi, akwai sararin da hannu zai wuce. Ya sosa ƙeya.

"Salansa ma tana gugar gefe, Yaya. Aikin zai kai wata biyu."

"Na sani," in ji Norman. "Asabar ka zo ka ɗauko ni da wuri."